Sunan da na kira a bakin rijiyar iska

Ke babbar, da kai Yohanna, wannan babin naku ne, ku nemi wuri ku zauna kafin ku fara. In Hausar ta yi muku nauyi ku kai wa Mama Asabe a Peckham ta warware muku. Tana nan da ranta, a gabanta aka yi komai, in na ƙara gishiri ita za ta fara ƙaryata ni. Kun san na ɓoye muku mantuwar babanku. Abin da ba ku sani ba shi ne tsawon lokacin da na yi ina ɓoyewa, da abin da na yi masa a bakin wani rami a ƙasar Turkiyya, wanda ko Fasto ban taɓa gaya wa ba. Na kuma san kai Yohanna ranka ya daɗe yana ɓaci da yadda na riƙa kiran babanka gatsal da sunansa a shekarunsa na ƙarshe, har ka ce wa matarka wai na raina shi ne don ciwo ya kayar da shi. Ta gaya mini, kada ka yi mata faɗa.

Mu mutanen ƙauye ne ta wajen Malumfashi, Hausawa masu bin Almasihu, kuma duk abin da bishara ta sauya mana, ba ta taɓa kunyarmu ba. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗanta na fari. Ba ta jerawa da miji a hanya, balle ta riƙe masa hannu a gaban jama'a. Haka na tarar, haka na ƙunso na zo da shi London tare da muciyata. Babanku kuwa sunaye gare shi har da na kyauta. A fasfo Istifanus ne. A garejin bas, inda ya yi shekara ashirin da wani abu yana tuƙi, Turawa suka datse shi suka ce Steve. A majami'a Dattijo ne. Ni Baban Yohanna nake cewa, na tsallake ki ke babbar, don ga ki 'yar fari, ga shi sunan uwarsa kika ci, kunya biyu ke nan a kaina. Shi ya sa kika tashi kowa yana ce miki Yaya, har malaman makarantarku suka ɗauka sunanki ke nan. Saura suna ɗaya, wanda uwarsa kaɗai take kiransa da shi, Tanko, don ya zo bayan mata uku. Ina amarya na ji shi a bakinta, ta tsaya a ƙofar gida da yamma tana ƙwala masa kira kamar ba mai iyali ba. Tun da ta rasu ban sake jin wani ya faɗe shi ba.

Shekara ɗaya da rabi kafin tafiyarmu Turkiyya, ina goge tebura a wani ofis a Aldwych da hantsi, wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, mutuniyar Kumasi mai shagon doya da busasshen kifi a Rye Lane, da irin Hausarsu ta zango da ba ta raba mace da namiji.

"Maame, mijinka yana nan wurina. Ya saya doya, ya fita, ya dawo ya saya kuma. Yanzu ya zauna, ya ce bai san wane bas zai kai shi gida ba."

Mutumin da ya san kudancin London kamar yunwar cikinsa, wanda in kun tambaye shi hanya sai kun gaji da jin lambobin bas! Na yar da tsumma na fito. Na same shi zaune a kan buhun gari, doya biyu a cinya, hularsa a gyare kamar kullum. Da ya gan ni ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, irin na yaron da aka kama.

"Sun sauya hanyoyin," ya ce.

Na roƙi Hajiya ta rufa mana asiri, ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma Allah ya saka mata, ta cika alkawari. A hanyarmu ta komawa gida Abbey Wood, sai da muka kusa sauka ya yi magana. Yana kallon taga ya yi maganar, bai dube ni ba.

"Kada yaran su ji."

Na ce to. Ba na faɗa muku wannan don in ɗora masa laifi ba. Shi mai ciwo ne, ni ce mai lafiya, ni ya kamata in ce a'a. Amma gaskiya ita ce ni ma ban so ku ji ba. Ban so a ce mijin Rahila ya taɓu, don mutanenmu ba su san bambancin mantuwa da hauka ba, kuma na ga yadda ake sunkuyar da murya in ana maganar irin waɗannan gidajen. Sai na zama mai gadi. Na bar aikin safe na ce muku gwiwa ce. In kun zo ranar Lahadi da yamma, ni nake amsa tambayar da kuka yi masa kafin ya buɗe baki, kuna cewa Mummy ta cika surutu. Wata rana a sujada yana karanta nassi ya kai ƙarshen aya, ya koma farkonta, ya sake komawa. Na ga kawuna sun fara ɗagowa. Sai na miƙe na ta da waƙa da iyakar muryata, matan zumuntar majami'a suka amsa, aka ɗauka Ruhu ne ya sauko mini. Da aka tashi Mama Asabe ta ce, yau kam Rahila kin cika. Na ce mata sai godiya.

A cikin wannan hali kuka zo mana da kyautarku ta cikarmu shekara arba'in da aure. Majami'armu ta shirya ziyara zuwa Kafadokiya ta ƙasar Turkiyya, don sunan yana cikin Littafi, kuma Fasto ya ce masu bi na farko sun zauna a can cikin kogwanni. Ke babbar kika ajiye takardun a kan teburin kicin kika ce kin yi mana booking, ba a mayar da kuɗi, kada ma in fara. Babanku ya yi ta murna kamar yaro. Da ya koma falo kika rage murya.

"Mum, is Daddy all right? Sau biyu ya tambaye ni ko ina aikin dare yau."

Ke ma'aikaciyar jinya ce, a sashen tsofaffi ma kike. Ƙofa ce Allah ya buɗe mini a ranar, faɗi-faɗi. Na ci gaba da yanka kuɓewa na ce, "Tsufa ne, ke ma yana nan tafe. Miƙo mini gishiri."

Abin da na yi na shiri ɗaya ne. Na sami farin ƙyalle na rubuta da Turancina, cewa mai wannan hula yana mantuwa, ba ya gane hanya, a kira matarsa a wannan lamba. Na ɗinke shi a cikin hularsa ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Na ɗauka na yi dabara.

Mu ashirin da biyu muka tafi. Ƙasar nan, 'ya'yana, hotunan da na kawo muku ba su faɗi rabinta ba. Duwatsu ne tsaitsaye masu tsini, farare da jaja-jaja, wasu da baƙin dutse a ka kamar an kifa musu faifai, sun cika kwari har iyakar ganinka. Sun fi kama da rumbunan ƙauyenmu in an ja su sama. Jagoranmu, wani dattijo mai furfura da sanyin magana, ya ce toka ce da duwatsu masu aman wuta suka fesa tun zamanin da, ta daskare, ruwa da iska suka yi ta sassaƙa ta. Ya kankari jikin ɗaya da makulli, ya zubo gari. Shi ya sa mutanen wurin ba su yi gini ba, sai suka fafe dutsen suka shiga, ɗaki da tagogi da wurin sujada, har da zanen waliyyai a bango. Can sama kuma ƙananan ramuka a jere, ya ce na tattabaru ne, don a tara kashinsu a kai gona. Nan fa babanku ya farfaɗo. Ya tsare jagora da bayanin cewa kashin tattabara ya fi na kaza a gonar albasa, Fasto yana ta dariya, ni ina ta godiya a zuci. Kwana uku bai yi tuntuɓe ko ɗaya a gaban mutane ba. Otal ɗinmu ma cikin dutse yake. A safiya ta huɗu ne ya farka ya dubi rufin ɗakin ya tambaye ni wa ya rufe mu a rumbu. Na ba shi shayi, ya dawo daidai, na ce a raina barci ne bai sake shi ba.

Ran nan bayan abincin rana aka kai mu garin da ke ƙarƙashin ƙasa. Daga waje ba ka ganin komai sai ƙofa da matakala. Jagora ya tara mu ya ce garin hawa-hawa ne zuwa ƙasa, da mutane suke gudu su ɓuya a ciki da dabbobinsu in mahara sun zo. Jar kibiya a bango tana kai ka ƙasa, shuɗiya tana fito da kai. Inda aka gitta igiya ba a shiga. Sannan ya tambaya, yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ko akwai mai ciwon zuciya, ko mai tsoron matsatsin wuri, ko wanda saboda wani dalili ya kamata ya zauna a waje ya sha shayi. Na gyara ɗankwalina na yi shiru.

Fasto ya jera mu yadda muke zama a majami'a, maza gaba, mata baya. Babanku na cikin mazan, yana kusa da ƙarshensu. Da layin ya fara motsi ya juyo yana nemana da ido. Na san wannan kallon, na Rye Lane ne. Ya ɗan ja baya har ya zo daidai ni, ya miƙo hannunsa ƙasa-ƙasa, a gefen rigarsa, yadda ba kowa zai lura ba. Shekara arba'in bai taɓa miƙo mini hannu a waje ba. Matan zumunta goma suna bayana da zannuwanmu iri ɗaya, Mama Asabe a kafaɗata. Na kawar da kai na ce masa a hankali:

"Yi gaba mana, mutane na kallo."

Ya mayar da hannunsa aljihu ya bi mazan. Wannan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ciki akwai sanyi da warin ƙasa, rufin duk baƙin hayaƙin mutanen da suka shuɗe. Hawa na farko da sauƙi, ga wurin ɗaure dabbobi da komayen da aka fafe a bango. Daga nan hanya ta tsuke. Sai ka sunkuya, sai ka ƙara sunkuyawa, har ka koma tafiyar agwagwa, kafaɗunka biyu suna gogar dutse. Mama Asabe, da yake Allah ya yi ta da jiki, tana ta kiran sunan Yesu tana cewa wanda ya haƙa wurin nan bai san tuwo ba. Matan suna dariya, ni ban yi ba. Idona na kan farar hular babanku, tana ɓacewa a kwana, tana bayyana, ina ƙirga kawunan da ke tsakanina da ita. Muka wuce wani dutse mai faɗi kamar na niƙa, tsayinsa ya kai ƙirjina, wanda ake mirginowa a toshe hanya daga ciki. A hawa na uku wata tawagar baƙi ta fito ta wata hanya ta ratsa mu, aka cakuɗe, aka tsaya, aka matsa. Da layin ya sake miƙewa ban ga hular ba. Na ce a raina tana gaba.

Muka fito wani babban ɗaki da jagora ya ce nan mazauna garin suke sujada a da. Fasto ya ce ba za mu bar wurin nan ba mu yi addu'a ba, muka yi da'ira muka sunkuyar da kai.

"Dattijo, yi mana addu'a."

Shiru. Fasto ya ɗago ya duba, ya ƙirga mu, ashirin da ɗaya. Mazan suka leƙa hanyoyi suna kiran Dattijo, wani yana cewa Baba Istifanus. Jagora ya ce kada hankalin kowa ya tashi, kullum ana haka, babban mutum in ya rabu da tawaga shuɗiyar kibiya yake bi, za mu same shi a waje yana jiranmu. Fasto ya ce ai direban bas ne, shi zai nuna wa wani hanya ma. Aka yi dariya. Ku ji ni da kyau, ko a nan ban yi magana ba. Wata murya tana ce mini in kin faɗa kuma aka same shi a waje fa, kin tona masa asiri a banza. Na bi su muka hau.

Ba ya waje. Ba ya rumfar mai shayi, ba ya cikin motarmu, ba ya bayi. Jagora ya tura mai gadin wurin ya sauka ya duba. Na tsaya a rana ina jin sanyin ramin a ƙashina, matan suna ce mini in zauna, na kasa. Ban san minti nawa aka yi ba. Mai gadin ya fito shi kaɗai, da farar hula a hannu. Ya ce a ƙasa ya tsince ta, a bakin wata hanya da aka gitta wa igiya, inda rufin ya yi ƙasa har yakan ture hula. Mama Asabe ce ta fi kusa, ta karɓa tana kakkaɓe mata ƙura, ta juya cikinta. Na ga leɓɓanta suna motsi tana karanta ƙyallen. Ta ɗago ta dube ni, duban da har gobe ina gani.

"Rahila, mene ne wannan?"

Na sunkuyar da kai.

"Ke! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Buɗe baki ki yi magana, mutum na cikin rami!"

Na faɗa. A gaban Fasto, da dattawa, da matan da na yi shekara da rabi ina yi wa waƙa don kada su gane. Da aka fassara wa jagora, fuskarsa ta sauya gaba ɗaya, sanyin maganar nan ya tafi. Ya ce bayan igiyar babu fitila, hanyoyi ne da ba a gyara ba, suna rarrabuwa, kuma akwai ramuka a daɓen da mazauna garin suka haƙa don mahara su faɗa. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya kira mutum uku da tociloli suka sauka, muna jin kiransu yana nisa har ya ɓace. Bayan wani lokaci ya dawo shi kaɗai yana haki, ya ce sun bi hanya biyu ba su same shi ba, kuma ba ya amsawa. Ya ce wataƙila yana jinsu, tsoron baƙin muryoyi ne ya sa ya yi shiru. Ya ce in zo.

Na sake shiga ramin, Mama Asabe a bayana, Fasto da dattawa uku a bayanta. Wannan karon ban ji ta yi wasa ba. A hawa na biyu ya kai ni wata ƙaramar taga a bango mai ƙarfuna. Ya ce rijiyar iska ce, ta taso tun daga ruwan da ke can ƙasa har sararin sama, kowane hawa yana da taga a jikinta, da ita garin yake numfashi. Abin da aka faɗa a nan, ana jinsa a ko'ina. Na durƙusa, iska mai sanyi tana bugun fuskata, ƙasa baƙi ƙirin.

"Baban Yohanna!"

Muryata ta sauka ta dawo mini. Na sake, na sake. Na ce ni ce, Rahila ce. Ba komai sai ɗigar ruwa can nesa. Fasto ya fara addu'a ƙasa-ƙasa. Ni kuwa sai maganar safiya ta faɗo mini, wa ya rufe mu a rumbu. Na ce a raina, mutumin nan inda yake yanzu bai haifi kowa ba, bai auri kowa ba, bai taɓa ganin bas ba. Ina kiran wanda ba ya nan. Na san sunan da ya rage. Na kuma san su wa ke tsaye a bayana, da cewa mazan da ke ƙasa da duk wanda ke cikin garin nan zai ji. Ko a wannan halin, Allah ya gafarta mini, sai da harshena ya yi nauyi. Na kama ƙarfunan da hannu biyu, na ja numfashi, na ja sunan yadda tsohuwar take jansa a ƙofar gida.

"Tankooo!"

Na ji ɗaya daga cikin dattawan ya ja numfashi. Sunan ya yi ta gangarawa. Sai can, daga ƙasa, wata 'yar murya siririya, muryar da na sani amma ba ta mai shekara saba'in ba.

"Na'am, Inna."

Mama Asabe ta fashe da kuka. Ni ban samu damar kuka ba, don jagora yana yi mini alama da hannu in ci gaba, yana magana da mutanensa ta waya irin tasu. Tunda Inna yake ji, sai na zama Inna.

"Zauna inda kake, kada ka motsa ko taku ɗaya. Ka ji ni?"

"Na ji, Inna. Akwai duhu."

"Na sani. Ga fitila nan tafe. Tanko!"

"Na'am."

Haka muka yi ta yi, ina kira yana amsawa, su kuma suna bin muryarsa. Ban ƙirga ba, amma sunan da ban faɗa ba sau ɗaya cikin shekara arba'in, ran nan na faɗe shi har muryata ta dushe. Hawa biyu a ƙasa da mu suka same shi, ya takure a wani lungu kusa da tagar rijiyar, goshinsa ya fashe, gwiwoyin wandonsa sun yage. Mai gadin ya gwada mini da tafin hannunsa tazarar da ke tsakanin ƙafarsa da bakin wani rami, ba ta kai kamu biyu ba. Da suka fito da shi cikin haske ya dube ni, ya ƙifta ido, ban san wa yake gani ba.

"Awakin ne suka ɓace," ya ce. "Na ji tsoron dawowa gida."

Na ce an gan su, duk suna nan. Na sa masa hularsa. Na kama hannunsa, wanda na ƙi ɗazu, ya yi sanyi kamar dutsen. Haka muka fito, a gaban kowa, kuma in ban da wajen binciken filin jirgi inda dole aka raba mu, ban sake shi ba har ƙofar flat ɗinmu a Abbey Wood.

Labari ya riga mu isowa, kun san mutanenmu da waya. Ke babbar muka tarar a kicin da kayan aikinki a jiki, ba ki ko zauna ba. Kika duba goshin babanku, kika kwantar da shi, kika dawo kika rufe ƙofa.

"How long, Mum? Tun yaushe kika sani?"

Na ce wata uku. Ƙarya na yi miki, a ranar ma, bayan duk abin da na gani. Shekara ɗaya da rabi ne. Kika ce kullum irinsu kike jinya, da kin sani da an fara ba shi magani tun da wuri, da ba ki saya masa tikitin shiga rami da kuɗinki ba. Wannan ta ƙarshen ce ta fi ci miki rai, na sani, kin ɗauka da hannunki kika tura shi. Ba ke ba ce. Ko maganin zai ja masa lokaci ko ba zai ja ba, likitan ma bai yanke ba, ni kuwa ba ni da bakin cewa komai. Kin yi wata bakwai kina zuwa ki duba shi ki tafi, ba ki ci abincina ba. Kina gaishe ni yadda ake gaida maƙwabciya. Ban ga laifinki ba, amma ya yi mini ciwo, kuma har yau akwai saura tsakaninmu, kada mu yi wa juna ƙarya.

Shekara huɗu ya yi bayan nan. Sunayen suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, Steve ya fara tafiya, sai Dattijo, sai Daddy. Kai Yohanna ka tuna ranar da ka ce Daddy sau uku bai juyo ba, ka fita baranda ka daɗe. Tanko kaɗai ya rage masa. Da shi nake tashinsa, da shi nake ba shi abinci, da shi nake tsallakar da shi titi a Rye Lane hannuna cikin nasa, Hajiya tana yi mana dariya tana cewa amarya da ango. Matan zumunta wasu sun yi gulma, ko a jikina. Kunyar da ta kusa kashe mini miji, me zan ƙara yi da ita? Ranar da ya cika, da la'asar, na sunkuya na kira shi, leɓɓansa suka motsa. Ba raini ka ji ba, ɗana. Sunan da yake amsawa ke nan.

Saura abu ɗaya. Na zauna na yi lissafi, akwai wani sunan da ban taɓa kira ba, mai shi kuma tana da rai, tana Woolwich, tana fushi da ni da gaskiyarta. Ba na so sai ɗayanmu ta shiga duhu sannan in buɗe baki. Shekara arba'in da uku ina ce miki ke, ina ce miki babbar, kina ɗauka ko ƙanenki na fi so tunda sunansa ne kullum a bakina.

Saratu. Ki zo ranar Lahadi, zan yi miyar kuɓewa.